Riskuwa da Kifin da Ya Kusa Samun Jana'iza

Riskuwa mai haƙa rijiya ne, gajere, mai ƙwanji, kuma ba ya iya wuce rami bai leƙa ba. Daga Lafagu har iyakar Dahomi an sha ruwan hannunsa.

Shekarar da aka sami 'yancin kai, mutanen Matsinkai suka kira shi, don wuyan matansu ya kusa karyewa da ɗaukar tulu daga nesa. Ya yi ta sara har ya kai dutse. Yana fasa shi sai ga ƙasusuwa jere a ciki.

To, a al'adarsu, wanda ya tono ƙashi ya taɓa kabari. Rufe ramin ake yi, kuma ba mai sake kiran mahaƙin. Aka kawo farin ƙyalle, Liman Malami ya ce a jera sahu. Riskuwa na tsaye gefe.

Ana cikin naɗe dutsen mai ƙasusuwan sai ga Asibi, matar masunci, da tallar banda. Ta miƙa wuya.

"Allah gafarta Malam, wa ya rasu?"

"Wani bawan Allah na can da."

"Wanga bawan Allah ƙaya gare shi. Kullum irinshi nike ƙyafewa."

Liman ya juya dutsen. Ƙashin bayan kifi ne, har da wutsiya. Sahu ya watse da dariya, manyan gemuna suna ɓoye fuska.

Riskuwa kuwa ya cafke rigar Gidaɗo, malamin makarantar boko. "Kai mai karatu, wa ya kai kifi ƙasan tudu, ga gulbin Kwara can nesa?"

Gidaɗo ya ce ya ji wasu masana na cewa ƙasa kamar fasasshiyar ƙwarya take. Sakainun suna matsawa a hankali, suna tunkuɗar juna, wani wuri ya tashi, wani ya nutse. Wataƙila nan gindin ruwa ne a da.

"Wato kan tsohon gulbi muke shuka gero?" Riskuwa ya hau buga ƙafa yana dariya, sai ka ce ango.

Liman ya naɗe ƙyallensa. "Ba a yi wa kifi salla. Koma raminka."

Ya dira ciki yana waƙa. Kafin kasuwa ta zagayo, mata suka ji muryarsa daga ƙasa: "Ku zuro guga, ƙafata ta jiƙe!"