Ƙarar da Ke Ƙarƙashin Motar Joji

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri, haifaffen unguwar Liman Abaji a cikin garin Keffi. Na tsufa yanzu, abubuwa da yawa sun huce a zuciyata. Amma maganar motar joji ta ƙi hucewa. Duk ranar da na tuna ta sai in ji wuyana ya ɗau zafi kamar na sunkuya a kan wutar maƙera.

A wancan zamani mota ba ta yawaita ba. Baturen da ke mulkin yankinmu, wanda muke kira joji, yana da wata baƙa mai rumfar tamfol. Direbansa mutumin Lakwaja ne, Hausarsa da gargada, kuma mun saba, don yakan kawo mini ƙananan ƙarafa in daidaita masa.

Da damina ta kankama a wata shekara, sai motar ta fara wata ƙara daga ƙasa, ta wajen ƙafar gaba. Ta faɗa rami, ƙwal. Ta hau tudu, ƙwal. A taka birki, ƙwal. Sitiyari kuma ya riƙa yawo a hannun direba, motar tana ja gefe kamar jakin da ya hango ciyawa. Direba ya ɗaure duk abin da ya san ana ɗaurewa, ƙarar tana nan. Ya zo maƙera ya zauna a kan turmi, ransa a ɓace.

"Maƙeri, ni fa ban san ciwonta ba," in ji shi. "Na ce wa Bature, ranka ya daɗe, a kira bakaniken jirgin ƙasa daga Gudi ya duba ta. Ya ce a ƙasarsu aka ƙera motar, lafiyarta ƙalau. Wai hanyar Agwada ce ta lalace, mutanen ƙasar nan kuma malalata ne."

Na yi dariya a ranar. Ban san kuka ke tafe ba.

Ba a daɗe ba sanƙira ya zaga unguwanni: kowane gida ya ba da namiji guda don gyaran hanyar Agwada. A tsakiyar noman farko ke nan, lokacin da ciyawa ke tsere da dawa, lokacin da ko gaisuwar mutuwa a tsaye manomi ke yin ta. Daga gidanmu aka ɗauki yayana, wanda shi ke riƙe da gonar gado. Na ɗauka ni zan tsaya a gona a madadinsa. Ina! Sai ga 'yan doka sun ce in kwashi zugazugai da uwar maƙera in bi ayari, ni zan riƙa wasa diga da gyaran shebur a bakin hanya. Gida guda, maza biyu. Gona ta koma hannun mata da tsohuwarmu.

Abin da na gani a hanyar nan ba ya faɗuwa duka. Ga mutanen gari, ga Gwandara da Mada daga ƙauyuka, ga Fulanin da aka raba da shanunsu aka ɗora musu kwanon sarki a ka, su da ba su taɓa ɗaukar ƙasa ba. Ruwa na dukanmu, helma mai kula da lebura na zaginmu. Kowa jikinsa na hanya, hankalinsa na gona.

Yayana yana cikin masu haƙar burji a wani rami mai zurfi. Mutum ne ƙaƙƙarfa, mai yawan barkwanci, wanda in ya kama kunyar doya sai samari biyu su kasa cim masa. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, suka ce wa helma bangon ramin ya jiƙe, a bari ya sha iska. Ya ce joji na tafe, babu jira. Ina cikin hura wuta na ji wani gum, sannan ihu. Da hannuwanmu muka tone shi. Ƙasa ta danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa, ƙafarsa ta dama ta juya ta kalli inda ƙafa ba ta kallo.

"Ƙanena," ya ce da ni, bakinsa cike da jar ƙasa, "kada ka gaya wa Inna a tsaye. Ka zaunar da ita tukuna."

Muka ɗaure itatuwa muka ɗauko shi zuwa gari wurin maɗori. Ina waiwaye na ga an riga an tura wasu cikin ramin. Aiki bai tsaya ba ko na shan ruwa.

Aka gama hanya, ta yi sumul kamar daɓen sabuwar amarya. Joji ya shiga motarsa don ya gwada aikinsa. Direba ya ba ni labari daga baya: ba su yi nisa ba, ya taka birki don wata tunkiya, sai ƙwal. Suka sha kwana, ƙwal. Ya ce kunnuwan Baturen sun yi ja har suka dawo. A ranar ya sa aka aika Gudi.

Bakaniken dattijo ne, mutumin kudu, ba mai yawan magana ba. Ya ce yana son dogon ƙarfe mai ƙwari da mai ƙarfin riƙe shi, shi ya sa aka kira ni barikin joji. Bai fara taɓa motar ba sai da ya titsiye direba da tambaya. Yaushe take ƙarar, a rami ko a shimfiɗe? In an taka birki fa? Wane gefe take ja? Sannan ya tsuguna ya shafa tayar gaba ta hagu, ya nuna mana yadda gefe guda ya cinye ya bar ɗayan. Ya sa ni da direba muka riƙa jijjiga motar, shi kuma ya kwanta a ƙasa ya ɗora tafinsa a kan sifirin, wato jerin faffaɗan ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota. Ya bi shi da hannu har ƙarshe, inda aka maƙala shi a jikin motar.

"Ku tsaya," ya ce. "Ga shi nan yana bugun hannuna."

Aka ɗaga motar da jak. Ya ce in zura ƙarfena a wurin in danna. Na danna, sai kan sifirin ya motsa ya bugi ƙusar da ke riƙe da shi: ƙwal. Ita ce dai ƙarar, ba wata ba. Wani jan gari na tsatsa ya zubo a fuskar dattijon. Ya sa na gwada ɗaya gefen don mu ga bambanci, can ko gezau. Ya buge ƙusar ta fita, ya zaro wani ɗan zoben tagulla daga cikin ramin kan sifirin ya ajiye mini a tafin hannu. Ya ce sunansa bushin, shi ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna. Tsawonsa bai kai babban yatsana ba. Cikinsa ya zama kamar ƙwai maimakon da'ira, gefe guda ya siɗe har ya yi kaurin ɓawon albasa.

"Baba, wannan ne?" na tambaye shi.

"Shi ne."

"Hanya ce ta cinye shi?"

"Hanya tana ci, amma a hankali. Wannan tsufa ne, ga kuma ƙofar giris ta toshe, ya daɗe yana aiki a bushe. Ko a kan tabarma ka tuƙa motar nan sai ta yi ƙara."

Ko la'asar ba ta yi ba. Da hantsi ya fara, kafin la'asar ya gano. Na jujjuya zoben a tafin hannuna.

Joji ya fito da tafintansa. Ya karɓi zoben, ya ɗaga shi ya leƙa rana ta cikinsa, ya yi dariya, ya cilla shi cikin ciyawa. Tafinta ya ce wai maƙeri ya ƙera wani na wucin gadi kafin sabo ya iso a jirgi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Malam tafinta, gaya masa yayana na kwance da karyayyen ƙugu saboda abin nan da ya jefar. Gaya masa gonarmu ta mutu."

"Kai, rufa wa kanka asiri," in ji tafinta a hankali.

"Gaya masa, na ce!"

Joji ya ga fuskata ya tambayi abin da nake faɗa, dole tafinta ya juya masa. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya amsa a taƙaice. Tafinta ya kalli ƙasa ya ce, "Wai ya yi baƙin ciki. Wai amma ai yanzu kun samu hanya mai kyau."

Ƙarfen yana hannuna. Direba ne ya matso ya riƙe ɗaya bakin, ya ƙi saki har Baturen ya shige ciki. Na ƙera zoben kuwa, da ɗan doka tsaye a ƙofar maƙera. Ban taɓa dukan tagulla da irin wannan ƙiyayya ba.

Da na je gaida yayana ya tambaye ni ko an gano ciwon motar. Na so in ɓoye, ya matsa. Na gaya masa.

"Yaya girmansa?"

Na nuna masa yatsana. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya fuskarsa bango. Mutumin da ko a makoki sai ya sa an murmusa.

A shekarar dawar da muka girbe ba ta kai mu rani ba, sai da dangin Inna suka agaza mana. Yayana ya tashi da sanda, ƙafa ɗaya ta gajarce, bai sake riƙe garma ba. Ya koma tufkar igiya a zaure har Allah ya karɓi abinsa. An yi wa jojin canji zuwa wata ƙasa, na ji an ce da ƙarin girma.

Har yau akwai masu cewa a gabana, ai Baturen nan shi ya yi mana hanyar Agwada, wallahi ya yi aiki. Yara ne, ba su ɗauki kwanon sarki ba. Amma ba na yi musu shiru. Nakan ajiye abin da ke hannuna in ce su zauna, kuma ba mai tashi sai na kai ƙarshe.