Bakwai-Bakwai da Mai Gyaran Fanka

Yayana ya shekara goma sha tara yana aiki a ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikatar ruwa. Ɗakin a ƙasan bene yake, taga ɗaya gare shi, ita ma can kusa da silin, ba ka ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Aikinsa idan an aiko da lamba ya nemo fayil, ya sa hannu a kati, ya miƙa. Idan fayil ya dawo ya mayar da shi gurbinsa. Wata rana sau shida ake nemansa, wata rana sau biyu. Sauran lokacin duk na karatu ne.

Tun muna yara haka yake. Takardar da aka ƙunso sabulu a ciki ma sai ya warware ya karanta, shi ya sa mahaifiyarmu ba ta aikensa idan tana sauri. Bai yi nisa a makaranta ba, abin kuma yana cinsa, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Ni da nake bi masa na gane haka daga yadda yake yin shiru idan ana hirar jami'a.

Da aka saka masa kwamfuta mai intanet a ɗakin, sai ya gano akwai mutane irinmu da ke rubutu a shafukansu ba tare da kowa ya sa su ba. Akwai direban babbar mota da ke ba da labarin hanya, akwai matar da ke rubuta yadda take renon ɗanta kurma, akwai tsohon kafinta da ke bayanin itace. Sai ya fara tattara waɗanda suka burge shi yana aiko mana ta imel duk Laraba: rubutu bakwai, kowanne da adireshin da za ka latsa, da layi biyu ko uku na bayaninsa. Mu biyar ne farkon masu karɓa, ni da matarsa da abokan aikinsa uku. Daga nan aka laƙaba masa Bakwai-Bakwai.

Gaskiya a lokacin yana karantawa, wani ma sau biyu. Bayaninsa gajere ne amma da gishiri, kana karantawa ka ji hannunka ya kai ga latsawa. Wannan ya tura wa wancan, cikin shekara uku masu karɓa suka haura dubu huɗu. Masu shafuka suka riƙa aiko masa da rubutunsu suna roƙon ya duba. Wani malamin makaranta ya taɓa rubuta cewa in dai Bakwai-Bakwai ya ce a karanta abu, to ya karance shi har ƙarshe. Yaya ya buga wannan maganar a takarda ya liƙa a cikin murfin durowarsa, inda ba mai gani sai shi.

Sai aiki ya canza. Aka ce duk tsofaffin fayiloli a ɗauki hotonsu a zuba a kwamfuta, shi kaɗai kuma aka bar wa. Ya koma wuni yana cire allurar takarda yana ɗora shafi a kan gilashi. A gida ga yara uku sun tasa, ga ciwon baya. Laraba kuwa ba ta fasa zuwa. Maimakon ya rage yawan ko ya huta, sai ya rage karatun. Da farko yana karanta rabi, daga baya sakin layi ɗaya, wani lokaci kan magana kawai, sai ya ƙaga bayani mai daɗi ya ɗora. Ya iya magana, ba wanda ya lura. Kusan shekara biyu yana haka, ko matarsa ba ta sani ba.

Wata Talata a cikin motar haya, yana tsaye riƙe da ƙarfe, ya ci karo da wani rubutu mai taken “Tukunya huɗu na ƙona a wata ɗaya.” Wani mai gyaran fanka da dutsen guga ne ya rubuta. Sakin layin farko abin dariya ne ƙwarai: mutumin ya zuba sukari a madadin gishiri, ya dafa shinkafa ta zama kamar siminti, maƙwabta suka zo da bokitin ruwa sun ɗauka gobara ce. Yaya ya yi dariya, motar ta iso inda zai sauka, ya mayar da wayar aljihu. Washegari ya saka shi na ɗaya a jerin, ya rubuta a ƙasa cewa ga maganin ɓacin rai na wannan mako, da alama uwargida ta yi tafiya ta bar bawan Allah da tukwane. Ya rufe da cewa: “Uwargida, don Allah ki dawo kafin ya ƙone gidan.”

Matar mutumin ta rasu wata biyu kafin nan. A sakin layi na uku ya faɗa. Sauran rubutun kuwa labarin yadda yake tsayawa a gaban kantar kicin ne yana duba gwangwanayen da ta rubuta wa suna da hannunta, da yadda 'ya'yansa biyu suke cinye abin da ya dafa ba sa cewa uffan, don kada ya ji ba daɗi.

Masu karanta jerin Yaya su ma ashe da yawa irinsa ne. Suka je wurin sharhi a ƙasan rubutun, suka jera hotunan fuska mai dariya, suna maimaita maganarsa. Kafin azahar mutum kusan hamsin sun rubuta wa mamaciya ta dawo.

Ranar Alhamis da safe wata ma'aikaciyar jinya da ta daɗe tana bin jerin ta aiko masa da layi ɗaya, tana tambaya ko ya karanta rubutun nan kuwa. Ya buɗe ya karanta a zaune a teburinsa. Ya gaya mini daga baya cewa da ya kai sakin layi na uku sai ya tashi ya shiga tsakanin kantocin fayil ya tsaya, kamar wanda ake nema. Masinja ya zo da lamba ya yi ta kira, bai amsa ba.

Abin da ya fara yi ba na jarumta ba ne. Ya shiga shafin da yake ajiye jerin ya goge layin, ya yi shiru. Amma imel ɗin ya riga ya isa ga mutum dubu huɗu, ba ya goguwa. Da matarsa ta ga ya ture abinci ta tambaye shi, sai ya ce kuskure aka samu, adireshi ne ya haɗu da bayanin wani rubutun. Ta karɓi wayarsa ta karanta rubutun daga farko har ƙarshe, ta karanta bayaninsa, ta ajiye wayar a kan tebur a hankali. Ta ce masa, Baban yara, bayanin nan na wannan rubutun ne, ga tukwanen nan a ciki.

Kwana biyu bayan haka mai gyaran ya aiko da saƙo. Babu zagi a ciki. Ya ba da kwatancen shagonsa, ya ce idan Yaya ya sami sarari yana son ganinsa. Kwana bakwai Yaya yana kewaye saƙon. Larabar da ta biyo baya bai aika komai ba, karo na farko cikin shekara bakwai. Ranar Asabar ya zo kantin maganin da nake aiki, ya tsaya a bakin kanta yana karanta kwalin maganin tari har na sallami mutum uku. Sannan ya ce in kai shi a motata, don ya san in shi kaɗai ne zai juyo daga hanya.

Shagon ƙarami ne, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti. Fankoki a jere a ƙasa, wasu ba kai, wasu ba fukafukai, ga wayoyi rataye a ƙusa, ga ƙaurin dalma. Mutumin siriri ne, ya ɗan girmi Yaya, wandonsa ya yi masa yawa har ya ƙara huda bel. Ya share mana benci da tsumma. Yaya ya gabatar da kansa da muryar da ban san shi da ita ba, ya fara jawabin da ya yi ta haddacewa a mota, amma bai kai tsakiya ba ya sarƙe.

Sai mai gyaran ya ce mutum goma sha ɗaya ne ke karanta shafinsa, rabinsu 'yan'uwan marigayiyar. Ranar Laraba da ya ga ɗaruruwa sun shigo, daɗi ya ji, har ya nuna wa maƙwabcinsa mai fenti. Sai da ya zauna cin abincin rana ya buɗe sharhin.

“Dariyar ba ta dame ni ba,” in ji shi. “Ni na sa abin dariya a farko, don in iya rubuta sauran. Ita ma da tana nan za ta yi. Amma ‘ki dawo’ ɗin nan, Malam, kullum nake faɗinta a kicin. Ban taɓa zaton zan ga mutum hamsin suna taya ni da wasa ba.”

Yaya ya sunkuyar da kai yana kallon wata fanka da ke kwance a gabansa. Ya ce bai karanta ba ne, sakin layi ɗaya ya karanta. Mutumin ya ce ya san haka, ai ba mai karantawa ya rubuta abin da ya rubuta. Ya ce abin da ya sa ya kira shi tambaya ɗaya ce, don ta hana shi sukuni.

“Sauran shidan fa, ka karanta su?”

“Biyu,” in ji Yaya. Sannan ya gyara, ya ce, “Ɗaya da rabi.”

Mutumin ya gyaɗa kai, ya ɗauki sukudireba ya juya ta a hannu. Ya ce shi shekara uku yana bin jerin, kuma duk bakwai ɗin yake karantawa, saboda ya ɗauka an karanta kafin a ba shi. Ni da ba ni na yi laifin ba sai da na ji kamar in fita in zauna a mota.

Yaya ya ce zai rubuta neman afuwa da sunan shafin, kowa ya gani. Mai gyaran ya ce a'a, kada ya sake ambatonsa ko da alheri, don mutanen nan za su dawo da ban haƙuri, shi kuma ya gaji da baƙi. Ya ce ya yafe, ya miƙa masa hannu, ya koma kan aikinsa tun ba mu tashi ba. A hanyar dawowa da muka tsaya a danja, Yaya ya ce da zaginsa mutumin ya yi da ya fi masa sauƙi.

Larabar da ta zo ya aika da saƙo mai layi shida, babu adireshi ko ɗaya. Ya ce shekara biyu ke nan yana ba mutane abin da bai karanta ba, kuma hakan ya cutar da wani wanda ba zai ambata ba. Mutum ɗari uku da wani abu suka cire sunansu. Malamin nan da ya taɓa yabonsa bai ce komai ba. Amsoshin da suka fi yawa kuwa na rarrashi ne, suna cewa kada ya damu, su ma bayaninsa kawai suke karantawa, ba sa latsawa. Waɗannan ne suka fi ƙona masa rai. Ya ce ashe shekara biyu suna ta miƙa wa juna abin da ba wanda ya buɗe.

Bai daina ba, ko da yake ya yi niyya. Matarsa ce ta ce dainawa gudu ne, ya zauna ya yi shi yadda ya kamata. Yanzu wani makon uku yake aikawa, wani makon ɗaya, wani makon ya ce bai sami lokacin karatu ba. Bayaninsa ya rage gishiri, wasu ma suna cewa ya zama kamar takardar ofis. Idan aka gabatar da shi a taro a matsayin mai jerin nan na Laraba, sai ka ga ya fara duba takalminsa.

Bara da zafi fankar falonsu ta tsaya. Ya ce zai kai gyara, mako uku tana jingine a bayan ƙofa. Matarsa ta gaji, ta tambaye ni kwatancen shagon, ta ɗauka ta kai da kanta ba ta gaya masa ba. Ba ta faɗi ko ita wace ce ba. Da ta dawo ta jona fankar, sannan ta gaya masa inda ta je. Ta ce mutumin ya ɗan yi ƙiba, ta same shi yana cin abinci daga kula, ƙamshin kuma ba laifi.

Yaya ya tambaye ta me ya ce. Ta ce ya ce waya ce ta ƙone a ciki, kuma a riƙa goge ƙurar. Ya sake tambaya ko bai ce wani abu ba. Ta ce a'a, shi ke nan abin da ya ce. Ya zauna a gaban fankar, ya rage mata gudu zuwa lamba ɗaya, ya tambayi babbar 'yarsa ko ta gama aikin makaranta.