Taku Arba'in Daga Bakin Ruwa

Shekara talatin da ɗaya Malam Uwaisu ya yi yana koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Daura. Duk shekara sai ya zana kogi a allo, ya ja shi da alli har ƙasa, ya buɗe masa baki kamar mazurari. Ya ce wa ɗalibai nan ne kogi ke haɗuwa da teku. Kogi na kawo laka da yashi daga tudu, teku kuma na cika ya janye sau biyu a yini, tsakaninsu su gina ƙasa, su rushe ta. Shi kansa bai taɓa ganin teku ba. Ruwan da ya sani shi ne koramar ƙauyensu ta wajen Zango, wadda ke kawowa da damina, da rani a tona yashinta a ɗebi na sha.

Ɗansa na fari, Munzali, bai yi nisa a boko ba. Ya bi 'yan Mai'adua kudu, suna kai albasa da wake ƙauyukan masunta a kwale-kwale, su dawo da busasshen kifi. Wata Laraba kwale-kwalen ya kife a daidai bakin kogi, sai washegari aka tsamo shi. Mutanen ƙauyen ba sa shigar da wanda ruwa ya ci cikin gari, abokan tafiyarsa kuma ba su yarda ya sake kwana ba sutura ba. Suka yi masa salla, suka binne shi a wani tudun yashi da ke gaɓa. Babban abokan tafiyar, Zailani, shi ya bugo waya ya faɗa.

Malam ya karɓi gaisuwa kwana uku, ya koma aji. Matarsa Haulatu ba ta yawan tayar da zancen, sai shekarar da ya ajiye aiki, shekara huɗu bayan rasuwar.

"Malam, kowa ya san inda nasa yake kwance," in ji ta. "Ka je ka gano min, ko da baki ka kwatanta min."

Kwana biyu ya yi a mota. Zailani ya tarbe shi, ya samo wani tsohon masunci ya ɗauke su a jirginsa.

"Kada ka damu, Baba, na yi wa wurin shaida," in ji Zailani. "Taku arba'in daga bakin ruwa, gefen wata bishiyar kwakwa da ta karkace."

"Bakin ruwan wane lokaci? Yana cike, ko ya janye?"

Zailani ya ce, "Da hantsi dai muka haƙa. Ƙasar a bushe take kamar ta gida."



Suka iso. Babu kwakwa, babu tudu, sai ruwa mai faɗi, ja a gefe guda, kore a ɗayan. Zailani ya miƙe a jirgin yana waige-waige har tsohon ya ce masa ya zauna. Da 'yar Hausarsa ta kasuwa tsohon ya yi bayani. Damina biyu da suka wuce kogi ya kawo da ƙarfi, ya yanka tudun, ya yi sabon baki. Teku ya yi ta kwashe abin da ya rage, yana tarawa can hayi har ya zama sabon tudu, inda yanzu ake shanya komar kamun kifi. Tsohon bakin kogin ya cike, har ciyawa ta fito.

"Wallahi, Baba, ban sani ba," in ji Zailani. "A gida bakin ruwa na nan inda ka bar shi har damina."

"Kun suturta shi, Zailani. Allah Ya saka muku."

Ya roƙi tsohon ya kashe inji. Ya sa hannu a ruwan, ya kai baki. Ba ruwan daɗi ba, ba na gishiri ba, daidai yadda ya sha faɗa a aji. Ya yi addu'a a nan, sannan ya ce a tsallaka da shi sabon tudun. Ya tuɓe takalmi, ya tsaya a kan yashin har ruwa ya soma cika ya taɓa masa ƙafa.

Da ya dawo Daura, Haulatu ta bari ya sha fura, sannan ta zauna gabansa a tsakar gida. Malam bai saba ƙara wa magana gishiri ba, bai kuma soma ranar ba. Ya ɗauki tsinke ya zana kogin a ƙasa.

"Nan suka sa shi. Ruwa ya bi ta kai. Yashin wurin ya koma nan."

Ta daɗe tana kallon zanen.

"A wanne ka tsaya?"

"Duka biyun."

Ta gyaɗa kai. Ta tashi ta ɗauko kwando, ta kifa a kan zanen don kada kaji su barbaza shi.