Bokitin da Aka Watsa wa Injin Yaya Garba

Bazarar bana ta cika shekara tara da rasuwar yayana Garba, ɗan kabu-kabu a tashar Gummi. A makon jiya mutumin da ya yi sanadinsa ya aiko mini ɗan aike, wai ciwo ya kwantar da shi, yana roƙon in yafe masa tsakanina da shi, kada kowa ya ji. Na ce wa ɗan aiken ya koma, amsa za ta iske shi. Ba zan kama sunansa ba. A gidanmu Mai Usur muke ce masa, kuma duk wanda ya halarci abin da zan faɗa ya san shi.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce. A wancan lokacin an tura ni wani ƙaramin ɗakin shan magani a ƙauyen da ke gaba da Nasarawar Burkullu, kuma Yaya Garba ke kai ni duk farkon mako, ya ɗauko ni ranar Alhamis. Shekara huɗu ina zama a bayan babur ɗinsa, don haka babu wanda zai gaya mini yadda yake tuƙi. Mutum ne mai ban haushi a hanya, in faɗi gaskiya. Idan rana ta take, sai ya ratse gindin wata ɗorawa, ya kashe inji, ya juya babur ɗin ya fuskanci iska, ya zauna yana fifita da hula kamar ba shi da wurin zuwa. Ina mita ina cewa marasa lafiya na jirana, shi kuwa sai ya ce, “Kulu, ke da kika duba zahin jikin mutane, bari in duba na mara lahiyata.”

Daga bakinsa na san cewa irin wannan injin ba ruwa ke sanyaya shi ba, iskar tafiya ce da baƙin man da ke zagaya cikinsa. Tsagogin ƙarfen nan da ke jikin inji, waɗanda yake kira haƙarƙari, kullum yana kankare musu laka da tsinke, don laka tana hana iska ratsawa. Bai yarda a rataya buhu ko tabarma ta rufe gaban inji ba. Kowace safiya sai ya zaro sandar awon mai ya murza ɗigon tsakanin yatsu biyu. In ya ji ya tsinke ko yana ƙauri, ranar ba shi ba fasinja sai ya juye shi ya zuba sabo. Da bazara yakan yi juyen tun kafin lokacinsa. Abokan sana'arsa suna yi masa tsiya, suna ce masa mijin babur, amma in injin ɗayansu ya fara kuka shi suke nema.

Abin ya faru ne lokacin dawowar alhazai, wanda a shekarar ya faɗo a tsakiyar zafi. Wani dattijo na ƙauyen da nake aiki, aminin mahaifinmu, ya sauke farali, aka shirya masa tarba. Dattijon ba shi da laifi ko ɗaya, Allah ya jiƙansa. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ƙaninsa ne, Mai Usur, ya tara 'yan kabu-kabu daga Gummi da Bukkuyum, ya ɗaura wa kowane babur ƙyallen barka da dawowa daga fitila har ƙasa, daidai inda iska ke shiga. Ya jera su a gaban motar alhaji tun daga inda kwalta ta ƙare, ya ce tafiyar ƙasaita za a yi, kada wanda ya wuce masu tafiya da ƙafa, kuma kowa ya riƙa murɗa totur don ƙauyuka su ji. Babur da aka yi don ya sha iska, aka sa shi rarrafe da giya ɗaya a cikin yashi, da tsakar rana, fuskarsa a rufe. Sau biyu Yaya Garba yana roƙon a tsaya a inuwa, sau biyu ana busa masa usur a kunne.

Ina cikin gidan alhajin muna raba fura lokacin da suka iso. Can aka gano an baro wata jakar alhaji a Anka, wadda tsarabar malaman gari ke ciki. Mai Usur ya dubi taron ya nuna yayana ya ce ya je ya ɗauko ta, don ya san shi ne ba zai iya cewa a'a a ƙofar aminin ubansa ba. Aka leƙo aka ce a kawo ruwa. Ni na ɗebo daga randa, mai sanyi, na cika bokiti, na kai har bakin zaure, a zatona masu tarba za su sha. Da kunnena na ji yayana yana cewa, “Ka yi haƙuri shi huce. Man ga ya dahu, in ba juye shi niy yi ba, ba shi kai ni.”

“Babur na ko jinjiri?” in ji Mai Usur. Ya fizge bokitin daga hannuna ya sheƙa wa injin. Tururi ya tashi, ƙarfe ya yi ƙara, mutane suka fashe da dariya. Ya dafa injin da tafin hannu ya ɗaga wa jama'a. “To, ga shi ya huce. Mi kaka jira kuma?”

Yaya Garba ya sha gaya mini cewa ruwan sanyi a kan inji mai zafi yaudara ce: fatar ƙarfe ce ke hucewa, wani lokacin ma ta tsage, man da ya ƙone a ciki kuwa ya riga ya ƙone. Ya san haka ya hau. Kunya ce ta ɗora shi, kunyar tsohon da ke zaune a kan darduma yana kallonsa. Bai kai Anka ba. A wani gangare injin ya cije, tayar baya ta tsaya cak, ya faɗi a kan tsakuwa. Wasu Fulani da ke kiwo kusa suka ɗauko shi suka kawo shi ɗakin shan maganinmu. Ni na wanke masa raunin kansa, kuma a hannuna ya cika kafin la'asar sakaliya.

Na yarda kwana ne ya ƙare. Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na daɗe da sauke shi. Amma a zaman makoki, a ƙofar gidanmu, Mai Usur ya riƙa gaya wa duk wanda ya zo gaisuwa cewa marigayi ganganci ya yi, gudu ya cika, kuma ya fita ba tare da ya duba mai ba. Bakaniken da ya buɗe injin ya gaya mana a ɓoye cewa man ya ƙone ƙurmus tun a rarrafen tarba, amma ya ƙi faɗa a fili, don ba a ja da gidan alhaji. Waɗanda suka yi dariya ranar suka yi shiru. Ni ma na yi shiru, kuma wannan ne abin da ba na yafe wa kaina: ina jin tsoron a ce ai ni na kawo ruwan. Inna ta rasu bayan shekara uku tana cewa, “Ɗana ba shi da gaggawa, ku bar hwaɗin haka,” ana ɗauka son ɗa ne ke sa ta magana.

Yau hanyoyinmu sun cika da sababbin babura masu araha. Samarin da suka fara samun zinari wajen Dareta da Tungar Daji suna saye su ƙone su cikin wata shida, su sayi wani. Ana ɗora wa inji buhunan dutse a bi rana da shi, in ya yi zafi a tsoma shi a gulbi. Da Yaya Garba na nan da ya gaji da faɗa, ya koma gindin ɗorawarsa yana girgiza kai. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda na ji a bara a tashar Gummi. Wani dattijon ɗan kabu-kabu yana yi wa sabon shiga nasiha, ya ce ya riƙa duba mai, kada ya yi irin ta Garba. Mutumin da ya koya wa rabin tashar nan murza mai da yatsa, shi ne aka mayar abin misalin sakaci.

To me ya rage na yayana? Babu gida, babu gona, babur ɗin ma an sayar da shi a matsayin ƙarfe. Abin da ya bari hali ne, kuma halin yana nan a hannun mutanen da ba su san daga wa suka gada ba. Suna kaɗai ya mallaka, shi ne aka ƙwace masa yana kwance a ƙasa ba ya iya kare kansa.

Malamai sun ce yafiya ta fi, ban musa ba. Amma a gaban jama'a ka yi ɓarnar, Mai Usur, ba za ka gyara ta a ɗaka da raɗa ba. An ce ba ka iya tafiya. Sa a ɗauko ka. Ranar kasuwar Gummi, a tsakiyar tasha, ka faɗa da bakinka cewa Garba ya roƙe ka sau uku, kai ka rufe masa inji, kai ka watsa ruwa, kai ka tura shi, kai kuma ka yi masa ƙarya a kan gawarsa. Ni ma zan tsaya kusa da kai in faɗi nawa, cewa na gani na yi shiru. In ka yi haka, na yafe kafin ka rufe baki. In kuwa girman kai ya fi maka, ka tafi da kayanka yadda suke. Yaya Garba mutum ne mai haƙurin jira, za ka iske shi a can.