Kalmar da ke kan kibiya

Malam Kuang Deming ya tsufa yana koyar da kemistiri a wata sakandare a lardin Hunan, kuma duk wanda ya bi ta ajinsa ya san shi da jaraba guda. Idan ɗalibi ya ja kibiyar haɗa sinadarai, dole ya rubuta a samanta cikin me aka narkar da su, ruwa ko barasa. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. A cikin ruwa, sinadarin haidiroksaid yakan ture sinadarin buromin ya zauna a gurbinsa. A cikin barasa mai zafi kuwa, sai ya fizge haidirojin daga gefe, abin ya tashi ya zama iska. Kaya iri ɗaya, sakamako daban.

To, a jarrabawar gwaji wata yarinya, Tan Xiaoyu, ta rubuta barasa inda ya kamata ta sa ruwa, Malam ya ba ta sifili a tambayar. Ubanta babba ne a ofishin gunduma. Kafin mako ya zagayo, hedimasta ya kira Malam Kuang cin abinci tare da wasu malamai, ya cika masa kwano da naman alade mai barkono, yana ta lallashi wai kalma ɗaya ce tak, a mayar wa yarinya makinta, in dai yana son ci gaba da riƙe ajin ƙarshe.

Malam ya ɗauki kwalbar barasar shinkafa ya tuttula a butar shayin mutumin.

"Sha mana, ranka ya daɗe. Kalma ɗaya ce tak."

Abin haushi, malaman da suka ƙyalƙyale da dariya a teburin, su ne suka yi gum da aka ƙwace masa ajin, aka tura shi gadin ɗakin karatu. Wanda ya gaje shi ya mayar da makin, ya kuma shirya wa yara waƙar hadda, ba ruwansa da dalili.

Rannan sai ga Xiaoyu a gaban teburinsa, idonta ja.

"Malam, an ba ni makin, amma har yanzu ban san me ruwan yake yi ba."

Ya miƙa hannu neman alli, sannan ya tuna an hana shi koyarwa. Ya tsoma yatsa a shayinsa ya fara zana mata a kan tebur, yana sauri don kada ya bushe.