Na Ɗaya da Mutumin Bencin Baya

A makarantar da ya yi, ba a zama inda aka ga dama. Duk ƙarshen zango malami zai karanta sakamako, wanda ya zo na ɗaya ya ɗauki jakarsa ya koma bencin gaba kusa da taga, na biyu ya zauna gefensa, a haka har a kai kan na arba'in da biyu, wanda rabonsa bencin baya ne jikin ƙofa, inda ake jingine tsintsiya. Shekara shida ba wanda ya taɓa tayar da shi daga bakin tagar nan. Shi ya sa har yau, da furfurarsa da tabaraunsa, kowa a layin Na Ɗaya yake kiransa, har matarsa in tana son tsokana.

Shagonsa bai wuce taku huɗu ba. Injin fotokwafi ne, da ƙaramin injin da ke manne takarda cikin leda, sai kujerar roba guda. Ya samu gurbin jami'a a lokacinsa, amma mahaifinsa ya kwanta ciwo, ga ƙanne biyar, aka ce ya bari sai baɗi. Baɗin ce har yau ba ta zo ba. Sai ya zama takardun shaidar wasu ne ke bi ta hannunsa, kuma ba ya iya mayar wa mutum takarda bai karanta makin ba. Ya karanta, ya taɓe baki, ya miƙa. Aiki kam ya iya, ba ka taɓa ganin kumfar iska a ledarsa. Sai dai mutumin yana da ciwo a zuciya, kuma ciwon nan yana da suna: Bencin Baya.

Bencin Baya ɗan wani babban ɗan kwangila ne, shi ne ya shekara shida tare da tsintsiya. Ya faɗi jarrabawar fita, uban ya biya ya sake, ya kuma sakewa, har ta shiga. Yanzu kansila ne, yana neman kujerar majalisa, kuma shi ne shugaban kwamitin babbar makarantar kuɗi ta unguwar masu hali. Fastarsa tana bangon da ke kallon shagon, yana murmushi da haƙora talatin da biyu. Na Ɗaya ya juya kujerarsa ta ba bangon baya, amma ko ta ƙeya yana jin murmushin nan. Hassada ce, ba wani suna gare ta ba, shi ma ya sani.

A wannan makarantar 'yarsa ta fari take, wadda yake kira Mamana. Da jarrabawa ta ci gurbin karatu kyauta, bisa sharaɗin kada ta sauko ƙasa da ta uku. 'Ya'yan masu biya kuwa, ko na ƙarshe suka zo ba mai ce musu kanzil. Na Ɗaya bai yarda ma da ta uku ba. In ta zo ta ɗaya, sai ya sa sakamakon a leda ya kafe a bangon shago. In ta zo ta biyu, ya ninke ya jefa a aljihun tebur, ya yini bai yi mata magana ba. Yarinya ta rame, ko abinci take ci littafi na kan cinyarta.

A wannan zangon ta zo ta huɗu, rabin maki ne tsakaninta da ta uku. Makaranta ta aiko cewa gurbin ya tashi, sai fa in shugaban kwamiti ya sa hannu a takardar roƙo kafin ƙarfe huɗun ranar Alhamis.

"Ka je ka same shi mana, ai ajinku ɗaya," in ji matarsa.

"Ni? In je in tsaya a ƙofar wanda na koya wa lissafin sau bakwai?"

"To, sau bakwai ɗin ne zai sa mana hannu?"

Ya rubuta takardar roƙon, sau uku yana sakewa har ta yi kyau, ya sa a aljihun tebur. Litinin ta wuce, Talata ta bi ta. Kullum ya ce gobe.

Ranar Alhamis da hantsi wata baƙar mota ta tsaya ƙofar shagon. Bencin Baya ne da kansa, da mutum biyu a bayansa. Takardar shaidarsa ta asali ya kawo a yi kwafi a sa a leda, don yau zai miƙa takardun takara, kuma ya ce ba zai ba kowa ita ba sai gwani. Ya rungume Na Ɗaya, ƙamshin turarensa ya cika shagon.

"Kun ga wannan? Shi ne ƙwaƙwalwar ajinmu. Da za a yi adalci, shi ne a mota ni a nan."

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Na Ɗaya ya karɓi takardar, idonsa ya bi makin kamar kullum. Da ƙyar da jiɓin goshi aka haye kowane darasi. Ya yi aikin tsaf, don hannunsa bai iya ɓata aiki ba, sannan ya ja aljihun tebur. Takardar roƙon ce a sama. A ƙarƙashinta akwai jerin sakamakon ajinsu na shekarar ƙarshe, wanda ya adana a leda shekara talatin. Hannunsa ya tsallake ta sama ya ɗauko ta ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ka tuna wannan?" Ya ɗaga murya don mutanen biyu su ji. "Na arba'in da biyu cikin arba'in da biyu."

Ya tsaya yana jiran fuska ta canza. Ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa. Bencin Baya ya yi dariya har da hawaye, ya ɗaga takardar yana nuna wa mutanensa.

"Daga bencin baya zuwa majalisa. Kun ji taken kamfe ya samu. Don Allah yi min kwafi hamsin."

Na Ɗaya ya tsaya kan injin yana kallon sunansa na fitowa a saman shafi sau hamsin, kuma ya san ba wanda zai duba saman. Da zai fita, kansilan ya riƙe hannunsa.

"Ya iyali? Akwai abin da zan yi maka?"

Aljihun tebur yana buɗe, takardar tana kallonsa. Mutanen biyu ma suna kallonsa.

"Lafiya lau muke. Ba ma bukatar komai."

Sai da ƙurar motar ta kwanta hankalinsa ya dawo. Ya rufe shago, ya hau babur zuwa ofishin kansila. Aka ce ai ya wuce babban birni miƙa takardu, sai mako mai zuwa. Ya nemi lambar waya, sakatare ya dube shi sama da ƙasa ya ce ba a bayarwa. Ƙarfe huɗu ta same shi a kan hanya, da takardar a aljihun riga.

Ya tarar da Mamana zaune a dakalin shagon da kayan makaranta. Maƙwabta sun riga sun gaya mata wanda ya zo. Ta miƙe da sauri.

"Baba, ya sa hannu?"

Ya yi ta laluben makulli. Idonta ya sauka kan bakin takardar da ya leƙo daga aljihunsa, ba ta sake tambaya ba. Da ya buɗe, ta shiga ta tsaya tana duban bangon da sakamakonta ke jere. Sannan ta zuge jaka ta ciro na wannan zangon, duk ya yamutse.

"Baba, ka sa min wannan ma a leda. Na san ba na ɗaya ba ne, amma shi ne na ƙarshe daga can."

Ya kunna injin. Sai da ya jira ya yi zafi. Ya shimfiɗa takardar, ya goge ta da tafin hannu, ya tura. Ta fito da kumfar iska babba a tsakiya, karo na farko a shekara ashirin da biyar. Mamana ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode.