Tukunyar Jiƙon Gwaggo

Shekarar da soja suka karɓi mulki, ciwon jijiya ya kama yayata: yau ta taka, gobe ƙafa ta ƙi. Likitan Yamai ya haɗa mata magani da ƙwayar zinki, ya ja kunnenmu cewa hantarta ta gaji, kada a ƙara mata komai.

Ran kasuwar Filinge sai ga Gwaggo da sassaƙen itatuwa na magani. Ta jiƙa tukunyar da jaki zai iya wanka ciki. Na kifar da ita gindin bishiyar bedi.

"Ke ɗiyag ga, wa yas sa ki?"

"Gwaggo, hanta guda gare ta. Ki sake jiƙawa, in sake zubarwa."

Na sha bulala, kwana uku ina cin tuwo a tsaye. Amma Yaya ko cokali ba ta kurɓa ba.